Jirgin da Ba Shi da Matuƙi, da Kogin da Muka Juya wa Baya

Tun zamanin da Allah Ya hore wa ɗan'adam sassaƙa itace ya ɗora shi bisa ruwa, har zuwa 'yan shekarun nan, ba a taɓa raba jirgi da matuƙinsa ba, domin ko na gora ne, ko na filafili, ko na tururi, ko kuwa irin mai injin nan da muke gani yau a mashigan Binuwai, tilas ne a sami wani mai rai a cikinsa, wanda idonsa ke kan ruwa, hannunsa ke riƙe da akala, rayukan jama'a kuma ke wuyansa. To, ga shi an kai wani zamani da masana ƙere-ƙere na Turai da Amurka suka tashi haiƙan suna neman su fid da wannan mutum daga cikin jirgi, su ɗora aikinsa a kan na'ura, har masu tsara birane suka fara cewa wannan sabon abu zai sāke kamannin duk garin da ke zaune a bakin ruwa. Da yake mu mutanen Jalingo kogi ya ratsa garinmu, babban kogi kuma ya ratsa jiharmu, ya wajaba mu san haƙiƙanin al'amarin, mu auna shi da halin da muke ciki, kada mu ƙaryata shi don bai iso mana ba tukuna, kada kuma mu ruɗu da shi don ya fito daga nesa.

Ba sihiri a cikin abin. Duk matuƙin da ya san aikinsa yana bukatar ya san inda yake, ya ga abin da ke gabansa, ya fahimci abin da ke ƙarƙashinsa, sa'an nan ya yanke shawara kafin lokaci ya ƙure masa, kuma waɗannan ayyuka su ne aka rarraba wa na'urori. Tauraron ɗan'adam, irin wanda ke nuna hanya a wayar hannu, shi ke shaida wa jirgin inda yake. A samansa akwai kyamarori, da wata na'ura mai juyawa wadda ke harba hasken leza ko'ina, tana lissafin lokacin da hasken ya ɗauka kafin ya bugi abu ya komo, ta haka take gane nisan gaɓa da gada da sauran jirage; ga kuma rada saboda dare da hazo, da wata a ƙarƙashi mai aika amo cikin ruwa don ta san zurfinsa. Dukkan wannan labari yana taruwa a kwamfutar da aka horar da dubban hotuna har ta iya bambanta mutum mai iyo da itacen da ruwa ya ɗauko, ita ce kuwa ke ba farfela umarnin ta ƙara wuta, ko ta sassauta, ko ta kauce. Asalin tunanin ma ba na jiya ba ne, gama tun 1898 Nikola Tesla ya nuna wa mutanen Niyok wani ɗan ƙaramin jirgi da yake sarrafawa daga nesa ba tare da waya ba. Abin da ya rage a lokacin shi ne jirgin ya gani da kansa, ya zaɓa da kansa.

A Disambar 2018 kuwa, wani jirgin fito mai ɗaukar motoci da ake kira Falco ya ƙetare tsakanin Parainen da Nauvo a ƙasar Finlan, ya kauce wa abin da aka gitta masa, ya kuma tsaya a tasha ba hannun kowa a kan sitiyari. A Amstadam ta ƙasar Holan, birnin da magudanan ruwa suka keta ta ko'ina, jami'ar kimiyya ta MIT da ke Amurka ta haɗa kai da wata cibiyar bincike ta birnin tun 2016 a kan aikin da suka sa wa suna Roboat, suka fara da 'yan ƙanana a tafkin gwaji, har a 2021 suka fito da mai ɗaukar mutum biyar ko kaya kilo 1,500, wanda batirinsa ke kai sa'a goma. A Nowe kamfanin takin zamani na Yara ya sa aka ƙera Yara Birkeland, mai tsawon mita 80, mai ɗaukar kwantena 120, wanda ke tafiya da lantarki tsakanin masana'antarsu da tashar Brevik, da nufin ya ɗauke wa hanyoyi sawun manyan motoci har 40,000 a shekara. A Stockholm ta Suwidin kuma, a watan Yuni na 2023, wani ƙaramin jirgi mai suna Estelle ya fara fiton fasinja tsakanin unguwanni biyu na birnin.

Wanda ya fi jan hankalina a cikin irin waɗannan jirage shi ne wani ɗan ƙarami. A garin Trondheim na Nowe akwai wani mashigi da faɗinsa bai wuce mita ɗari ba, aka yi shawarar gina gadar masu tafiya da ƙafa, sai wasu malaman jami'ar kimiyya ta garin suka ga cewa gadar za ta tare wa jirage hanya, suka ce a gwada wata dabara. Suka ƙera ɗan jirgi mai lantarki, milliAmpere 2, wanda fasinja zai danna maɓalli ya kira shi, ya shiga, ya sāke dannawa ya ƙetare da shi, yana kai da komowa kamar guga a rijiya. A kakar 2022 aka buɗe shi ga jama'a na 'yan makonni don gwaji. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin karyayyar gada a jiharmu zai gane dalilin da ya sa wannan labari ya tsaya mini a rai.

Sai dai fa adalci ya sa a faɗi ɗaya gefen, wanda masu talla ba su cika son faɗa ba. Kusan dukkan jiragen nan da na ambata, a lokacin da suke ɗauke da mutane ko dukiya, akwai ma'aikaci a cikinsu yana lura, ko kuwa akwai wani a ɗakin kula a tudu, idonsa a kan allo, a shirye ya karɓi akala. Wanda aka saki shi kaɗai ya ƙetare tekun Atlantika a 2022, mai suna Mayflower, sau biyu yana ratsewa saboda lalacewar kayan aiki, ya tsaya a tsibiran Azores, ya sāke tsayawa a Halifax ta Kanada, kafin ya kai inda aka nufa da shi, domin na'urar da ta iya tuƙi ba ta iya ɗaukar sifana ta ɗaure abin da ya kwance ba. Hukumar sufurin teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya, mai mazauni a Landan, ta kasa al'amarin mataki huɗu, daga jirgin da na'ura ke taimaka wa ma'aikatansa har zuwa wanda ke yanke hukunci shi kaɗai, kuma galibin abin da ke kan ruwa yau bai wuce matakan farko ba.

To, mene ne haɗin wannan da ginin gari? Bayan da kwantena ta shigo a shekarun 1960, manyan tashoshin jirage suka ƙaura daga tsakiyar birane zuwa inda ruwa ya fi zurfi, suka bar tsofaffin rumbuna kango, har sai da hukumomi suka farga suka mai da wuraren unguwanni da kasuwanni da wuraren shan iska, kamar yadda aka yi a tsohuwar tashar Landan daga 1981, da ta Hambog a Jamus bayanta. Da mutane suka komo bakin ruwa da zama, sai bukatar ƙetarewa ta ƙaru, gada kuwa tsada gare ta, jirgin fito mai ma'aikata kuma ba ya biyan kansa idan fasinja kaɗan ne ko dare ya yi. Nan ne masu tsara birane suke ganin ƙaramin jirgi mai tuƙa kansa zai shiga. A Amstadam har suna fatan ya riƙa kwashe shara ta ruwa, saboda nauyin manyan motoci yana rusa tsofaffin katangun gaɓa, kuma an ƙera jiragen Roboat yadda za su iya sarƙe juna su zama gadar wucin gadi ko dandamali. Abin lura a nan, wanda shi ne jigon maganata, shi ne cewa jirgin bai zo ya gyara musu bakin ruwa ba. Sun riga sun gyara shi shekaru aru-aru, sun ɗaure gaɓa da dutse, sun san zurfin kowane taku, sun rubuta shi a taswira, sun kafa doka sun kuma bi ta, sa'an nan jirgin ya zo ya tarar da wuri a share.

Mu komo gida. Tarihin wannan yanki ba ya rabuwa da Binuwai, kogin da ya taso daga tsaunukan Kamaru ya yi tafiyar kilomita kusan 1,400 kafin ya sadu da Kwara a Lakwaja. Ta kansa wani Bature mai suna Baikie ya hauro da jirgin tururi mai suna Pleiad a 1854, har ya sauka ya ziyarci Hamaruwa, mazaunin sarautar Muri a wancan zamani. Ta kansa kuma wani Bafaranshe mai suna Mizon ya zo a 1892, jirginsa ya kafe a yashi a ƙasar Muri, ya ƙulla alkawari da Sarki Muhammadu Nya, aka yi amfani da bindigoginsa a yaƙin Kona, wanda ɗacinsa bai gushe daga zukatan mutanen wurin ba. A 1893 aka kafa Jalingo. A zamanin Turawa kamfanoni suka kafa kantuna da rumbuna a Ibi da Lau da Numan da Yola, jirage suna haurawa har Garwa idan ruwa ya cika a tsakiyar damina, su sauko da gyaɗa da auduga kafin ya janye. Da kwalta da manyan motoci suka zo, sai wannan harka ta mutu a hankali, yashi ya cike hanyar, har aka wayi gari yaron da aka haifa bayan kafa Jihar Taraba a ranar 27 ga Agusta, 1991, zai yi mamaki in aka ce masa Lau ta taɓa zama tashar jirage.

A cikin gari kuwa namu kogin Lamurde ne, wanda ya gangaro daga duwatsun Yorro, Mayo Gwoi ya zuba a cikinsa, ya nufi Binuwai. Duk mazaunin Jalingo ya san fuskokinsa biyu. Da rani, in ka tsaya kan gada ka leƙa, yashi ne shimfiɗe, sai ɗan siririn ruwa yana bin gefe, ga tifa ta ja baya har tsakiyar kogi, matasa shida ko bakwai suna watsa mata yashi da shebur, ga masu wanki sun shanya tufafi, ga masu lambu sun tona 'yar rijiya sun kafa injin ban ruwa, bayan gidajen da ke gaɓa kuma leda da shara sun gangaro har ƙasa. Da damina kuwa, sa'a kaɗan bayan an tafka ruwa a kan duwatsu, ko da a gari ba a ga ɗigo ba, sai ka ji yana tafe da ruri, jajawur, ɗauke da itatuwa. Irin wannan kogi ba jirgin fasinja da zai zauna a kansa shekara, mai matuƙi ko marar matuƙi, kuma duk wanda ya zo ya ce zai kawo mana irin na Stockholm a Lamurde, to, kuɗinmu yake so.

Amma ba wannan ne ke nuna ba ruwanmu da maganar ba, gama mun biya farashin jahiltar ruwa da rayuka. A watan Agusta na 2005 ambaliya ta karya gadar Nukkai da mutane a kanta, aka rasa rayuka masu yawa. Da jama'a suka koma ƙetarewa da kwale-kwale, ba a yi kwana goma ba wani jirgi da aka cika maƙil ya kife a wurin, aka sāke rasa gommai, Allah Ya jiƙansu da rahama. A ranar 28 ga Oktoba, 2023, jirgin da ya taso daga kasuwar Mayo Ranewo ta ƙaramar hukumar Ardo Kola, ya nufi Binnari ta Karim Lamido da mutum fiye da ɗari, galibi 'yan kasuwa da mata da yara, ya kife a Binuwai. A Agustan 2024 gadar Namnai da ke kan hanyar Jalingo zuwa Wukari ta karye, babbar hanyar da ta haɗa arewacin jihar da kudancinta ta koma hannun masu fito, ana ɗora motoci a jirgi ana ƙetarewa da su. A Ibi kuwa fito ne hanyar zuwa Filato tun kaka da kakanni. Idan aka bi sababban haɗurran irin waɗannan a duk faɗin ƙasar nan, za a tarar kusan iri ɗaya ne: lodi fiye da kima, tafiyar dare ba fitila, kututture ko tudun yashi da ke ɓoye a ƙarƙashin ruwa, tsohon katako, da rashin rigar kariya. Mukan ce ƙaddara ce, haka ne kuwa, ba mai tsallake ajalinsa. Amma malamanmu sun karantar da mu cewa tawakkali ba ya kore riƙo da sababi, kuma kiyaye rai yana cikin manyan manufofin da shari'a ta zo dominsu, saboda haka imani da ƙaddara ba ya wanke mai sakaci.

A ganina, jirgi marar matuƙi na farko da ya cancanci ya shigo ruwanmu ba mai ɗaukar fasinja ba ne. Akwai wani iri, ƙarami, wanda tsawonsa bai kai na mutum kwance ba, mutum biyu na iya sauke shi daga bayan mota. Ana zana masa hanya a kwamfuta, a sake shi, ya yi ta zirga-zirga daga gaɓa zuwa gaɓa yana auna zurfi da amo, ya komo da taswirar ƙasan kogi. An daɗe ana aiki da irinsa a madatsun ruwa da tashoshin jirage na duniya, kuɗinsa kuma bai kama ƙafar na gada ɗaya ba. Fa'idarsa gare mu babba ce, domin Binuwai ba ya kwana inda ya yini: gurbin da jirgi ya bi lafiya bana, baɗi tudun yashi ne, musamman a shekarun da aka saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, kamar 2012 da 2022, alhali madatsar Dasin Hausa da aka yi niyyar ginawa a Adamawa don ta tare shi har yau ba a gina ta ba. Da za a riƙa auna mashigan Lau da Mayo Ranewo da Ibi bayan kowace damina, a kafa alamu masu yawo a kan ruwa, a dasa ma'aunai a saman Lamurde da za su aiko da gargaɗi ta waya kafin ruwa ya iso Mayo Gwoi da Nukkai, da an ci moriyar wannan ilmi tun yanzu. Ga Jami'ar Jihar Taraba a nan cikin gari tun 2008, ga ta Tarayya a Wukari. Ɗalibansu na labarin ƙasa da kimiyyar kwamfuta sun isa su riƙe wannan aiki in an ba su kaya da izini, tare da hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa da ke Lakwaja. Wanda ke ganin abin ya fi ƙarfin Afirka, ya tuna cewa tun 2016 jirage marasa matuƙi ke kai jini asibitocin karkara a Ruwanda ta sama.

Akwai kuma wata taska da nake tsoron mu yi asararta. Jukunawan ruwa da Wurbo da Jenjo da Hausawa masunta, waɗanda suka gāji kogin nan, suna da ilmin da ba ya cikin kowace kwamfuta. Tsohon matuƙi yakan dubi yadda fuskar ruwa ta yi laushi a wani wuri ya ce akwai yashi, ya ga ta murɗe ya ce akwai kututture, ya san inda dorina ke kwana, ya san iskar da ke riga hadari isowa. Kwamfutar da aka horar a magudanan Amstadam ba ta taɓa ganin dorina ba, ba ta san tarun masunci ba, ba ta san garken shanu na iyo ba. Duk ranar da za a koya mata Binuwai, daga bakin waɗannan mutane za a koya, don haka haƙƙi ne a zauna da sarakunan ruwa da shugabannin masu fito tun daga farko, a rubuta saninsu da sunansu, a horar da 'ya'yansu su zama masu kula da na'urorin, kada a zo da abin da zai raba talaka da abincinsa a ce masa ci gaba ne. Sa'an nan ga mas'alar lamuni, wadda ya kamata malaman fiƙihu da lauyoyinmu su fara nazari: ƙa'ida sananniya ita ce wanda aka ba amana ba ya biya sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka, to, idan jirgin da ba kowa a cikinsa ya halaka dukiya ko rai, wa za a tuhuma, maƙerinsa, ko mai shi, ko wanda ke zaune a ɗakin kula?

Game da gaɓar Lamurde kuwa, ba sai mun jira wata na'ura ba. Fuƙaha'u sun daɗe da tabbatar da cewa kogi yana da hurumi, kamar yadda rijiya take da shi, wanda ba ya halatta wani ya mallake shi ya hana jama'a, dokokin tsara gari na zamani ma sun hana gini a hanyar ruwa. Mu kuwa mun yanka filaye har cikin kwari, mun juya wa kogi bayan gidajenmu, mun mai da shi juji, muna kwashe yashinsa har gindin gada, sa'an nan in ya tashi karɓar hanyarsa mu ce ya yi ɓarna. Da za a shata hurumin nan a fili, a biya waɗanda abin ya shafa diyya ta gaskiya a ba su wani wuri, a ɗaure gaɓa inda take zaizayewa, a dasa itatuwa, a keɓe wa masu lambu da masu wanki da masu yashi wurarensu bisa ƙa'ida, da Jalingo ta sami wurin da iyali za su fita shan iska da la'asar, ambaliya kuma ta sami inda za ta bi ba ta cikin ɗakin kowa ba.

Saboda haka ina kira ga gwamnatin jiha, da majalisar Mai Martaba Sarkin Muri, da shugabannin ƙananan hukumomin da ke bakin Binuwai, su sa a auna manyan mashiganmu kafin daminar baɗi, a gina musu matsaya ta kankare mai fitila, a sa mai ƙidayar fasinja a kowace tasha ranar kasuwa. Kai kuma mai karatu, in an yi maka tayin fili a cikin kwarin Lamurde kada ka saya komai arharsa, in kuma ka je fito ka ga jirgi ya cika, ko ba rigar kariya, ka haƙura ka jira na gaba.